«Darasi ya tafi daidai»: jimlar da ta kamata a kora daga kundin malami

A ƙasan takardar shirin darasi akwai ɗan fili da ake barin malami ya rubuta yadda aikinsa ya kasance bayan an tashi. Ku ɗaliban Hausa da ke shirin riƙe alli, ku leƙa kundin waɗanda suka riga ku. Abin da za ku fi gani shi ne: «Darasi ya tafi daidai, yara sun fahimta.» Litinin haka, Juma'a haka, har shekara ta ƙare. An rubuta ne domin idon sufeto, shi ya sa babu wanda ya taɓa ƙaruwa da ita, har da mai rubutun.

Malamin lissafi yana iya fakewa da wannan jimla ya tsira. Malamin Hausa ba shi da wannan dama, domin yaran da ke gabansa sun zo da harshen tun daga gida, kuma ba iri ɗaya suka zo da shi ba. Yaron Tawa ko na Dogon Dutsi zai ce «shi na», ya ce «ita ta», inda Bakano ke cewa «shi ne» da «ita ce». Wanda ya tashi a zangon Kumasi sau da yawa ba ya raba namiji da mace a nahawunsa. Ɗan Maraɗi zai kira makaranta lakwal, littafin rubutu kaye. Idan malami ya bi duk waɗannan da jan biro, tambayar da ke jiransa bayan darasi ita ce: kuskure na gyara, ko kuwa karin harshen mahaifiyar yaron na soke? Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, wajibi ce a rubutu, babu mai musun haka. Amma akwai tazara tsakanin a ce wa yaro «ga yadda ake rubutawa» da a ce masa «ba ka iya Hausa ba». Yaron da aka gaya wa ta biyun yakan kama bakinsa, malami kuma ya ɗauki shirun a matsayin fahimta, ya je ya rubuta cewa komai ya tafi daidai.

Haka batun rubutu. Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y. Malami ya tambayi kansa ko ya bayyana dalili, ko dai ya ci ɗalibi tara ne saboda littafin da ya karanta daga ƙetaren iyaka aka buga shi. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa kuka na ido da kuka ta miya suke kama ɗaya a kan allo, haka ma gari na zama da gari na tuwo. Wa ya yi tuntuɓe a nan yau? Sunansa ya kamata ya shiga wancan fili, tare da abin da za a yi masa gobe.

Za a ce babu lokaci, aji ya cika maƙil, albashi ba ya kai wata. Gaskiya ne, ba na raina wannan kuka. Sai dai layi uku ake nema: abin da yara suka kasa, kalmar da malami ya soke alhali yana shakka, da minti nawa ya yi yana magana shi kaɗai. Wanda ya sami lokacin rubuta jimlar banza ya sami na rubuta ta gaskiya. Abin da ke hanawa shi ne tsoron kada sufeto ya mai da ita hujja a kansa, kuma a nan laifin masu duba aiki ne, da suka saba yaba kundi mai tsabta.

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Azuzuwan da za a buɗe nan gaba ku ne za ku shige su, kuma a cikinsu akwai yaran da Zabarmanci, Fulatanci ko Tamajek ne harshensu na gida, waɗanda shirunsu ya fi na yaron Tawa wuyar fassara.