Gadon Kavur da Manomin Karakara

A shekarar 1861 firaminista Kavur ya ga cikar burinsa, yawancin masarautun Italiya suka zama ƙasa ɗaya. Kafin wata uku ya rasu, ya bar jan aiki: galibin jama'a ba su iya karatu ba, daga baya kuma talauci ya kori miliyoyin mutanen kudu zuwa ƙasashen Amurka.

Wannan ishara ce ga ma'aikatan gwamnati. Manomin Karakara ya fi kusa da iyakar Najeriya bisa Yamai. Ran da hanya da likita da ajin yaƙi da jahilci suka iske shi garinsu, ran nan zai tabbata ƙasarsa ta san da shi. A gaggauta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.