Jarumarmu Ta Kwanta Asibiti Ranar Jarrabawa, Sai Me?



Duk mai bibiyar labaran da muke rubutawa, a takarda ne ko a waya, ya san yadda jami'a ta zame mana dandali. Can jaruma ke haɗuwa da jarumi, can kishi ke tashi, can ake rabuwa. Akwai kuma wata fitowa da muke yawan maimaitawa: ranar jarrabawa ta zo, jaruma tana kwance a asibiti, ko an yi mata rasuwa, ko miji ya hana ta fita. Bayan sati biyu sai ta je ofishin malami ta fashe da kuka, tausayi ya kama shi, ya zaunar da ita ya miƙa mata takardar tambayoyi. Mai karatu ya ji daɗi, mu kuma mu wuce babi na gaba. Ra'ayinmu shi ne wannan fitowar tana cutar da masu karanta mu, domin tana nuna musu hanyar da ba ta ɓullewa a jami'a ta gaskiya. Yadda muke bincikar hukuncin idda da na gado kafin mu sa su a labari, haka ya kamata mu binciki dokokin jarrabawa.

Kowace jami'a a Najeriya tana da kundin dokokinta da ake ba ɗalibi idan ya shiga, kuma akwai 'yan bambance-bambance tsakaninsu. Amma ginshiƙan kusan ɗaya ne, saboda duka suna bin ƙa'idojin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC. Za mu ɗauke su kashi uku: rajista, zaman jarrabawa, da janyewa.

Jarrabawa tana farawa ne tun daga rajistar kwasa-kwasai a farkon zango. Biyan kuɗin makaranta daban, rajistar kwas daban. Ɗalibin da ya biya kuɗi, ya halarci kowace lakca, ya ma shiga zaure ya amsa tambayoyi, idan bai yi rajistar wannan kwas ɗin ba, babu gurbin da za a shigar masa da maki. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit, kuma ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ɗalibi ya ɗauki tsakanin yunit 15 zuwa 24 a zango guda. Wanda yake da kwas ɗin da ya faɗi a baya, shi zai fara sakawa kafin sababbi. Ana buɗe wani ɗan lokaci na ƙarawa ko cire kwas, idan ya wuce an rufe ƙofa. Daga nan duk kwas ɗin da ke kan takardar rajistar ɗalibi ya hau kansa, ko ya shiga jarrabawarsa ko bai shiga ba.

Sai zaman jarrabawar. Ana buƙatar ɗalibi ya halarci aƙalla kashi 75 cikin ɗari na lakcocin kwas kafin ya cancanci shiga. Makin kansa kashi biyu ne: ayyukan cikin zango kamar gwaji da aikin gida suna ɗaukar maki 30 ko 40, sauran kuma na babbar jarrabawa ne. A ƙofar zaure ana neman katin shaida da katin jarrabawa. Jami'o'i da dama ba sa barin wanda ya makara da fiye da minti 30 ya shiga. Samun waya ko wata rubutacciyar takarda a jikin ɗalibi laifi ne ko da bai duba ta ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga dakatarwa na zango ɗaya ko biyu, ko kora baki ɗaya. Ban da dokar makaranta, akwai dokar ƙasa ta maguɗin jarrabawa ta 1999, wadda ta tanadi tara da ɗauri.

Kashi na uku shi ne wanda labaranmu suka fi yi wa karan tsaye. Ɗalibi yana da haƙƙin janyewa daga jarrabawa ko jingine zango saboda rashin lafiya ko wani uzuri mai ƙarfi, amma a rubuce ake neman wannan haƙƙi, kuma a kan lokaci. Takardar tana bi ta hannun shugaban sashe zuwa tsangaya, daga nan zuwa majalisar malaman jami'a, wadda ita ce ke da ikon amincewa. Idan rashin lafiya ne, ana haɗawa da rahoton likita, kuma rahoton da aka kawo daga asibitin waje galibi sai asibitin jami'a ya tantance shi. Wanda ciwo ya kama a cikin zaure, mai tsaron jarrabawa zai sanar a kai shi asibitin makaranta, domin a samu shaida tun a ranar. Malamin kwas shi kaɗai ba shi da hurumin shirya wa mutum jarrabawa a ofishinsa, domin sakamako yana bi ta kwamitin sashe da na tsangaya kafin majalisa ta sa masa hannu. Malamin da ke cikin labaranmu, da a gaske ne ya yi abin da muke sa shi yi, aikinsa ya jefa cikin haɗari.

Mu duba abin da shiru ke jawowa da lissafi. A tsarin maki biyar, A tana da maki 5, B tana da 4, har zuwa F da ba ta da komai. A ce ɗaliba ta yi rajistar yunit 18, ta samu B a duka: matsakaicin makinta na zangon 4.00 ne. A ce kuma ta kwanta ciwo ranar jarrabawar kwas guda mai yunit 3, ba ta rubuta wa kowa ba. Za a lissafa mata F, matsakaicin ya sauko zuwa 3.33. Iyakar digiri mai daraja ta biyu babba tana farawa ne daga 3.50. Da ta kai takarda an amince, kwas ɗin zai jira ta ba tare da wannan sifilin ya shiga lissafinta ba. Idan kuma zango guda ne cur ta ɓace babu sanarwa, maganar ta wuce raguwar maki, tana iya kaiwa ga gargaɗi ko sallama daga karatun. Sannan akwai wa'adi: digirin shekara huɗu ba a son ya wuce shekara shida. Wanda ya kammala bayan ya haura shekara 30 kuwa, takardar yafewa ake ba shi maimakon ya tafi bautar ƙasa.

Za a ce mana ai labari labari ne, ba kundin doka ba. Mun yarda mai karatu bai zo neman darasi ba. Amma mu tuna su waye masu karanta mu. Da yawa 'yan sakandare ne da 'yan ajin farko na jami'a, wasu su ne na farko a gidansu da suka taɓa shiga jami'a, babu yaya ko kawun da zai ja musu kunne. Kundin dokokin da Turanci mai tsauri aka rubuta shi, ana raba shi a makon da ɗalibi ke fama da neman ɗaki da layin banki. Labarinmu kuwa da Hausa yake, kuma a cikin wayarsa. Idan ciwo ya zo, abin da ya zauna masa a kai shi zai bi. Kuma ta fuskar rubutu ma, gaskiyar ta fi ƙaryar armashi. Jarumar da ke kan gadon asibiti, wa'adin kai takarda yana ƙaratowa, ƙawar da za ta kai mata kuma sun yi faɗa, ta fi riƙe mai karatu a kan wadda kuka ɗaya ya warware mata komai.

Za a kuma ce dokokin kansu ba kullum suke da adalci ba. Wannan ma gaskiya ne. Shafin rajista yakan ƙi buɗewa a ranakun ƙarshe. Ƙarin kuɗin da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023 ya sa wasu ɗalibai sun kasa rajista a kan lokaci. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya sa an matse zangunan da suka biyo baya. Ɗalibar da ta haihu ana tsakiyar jarrabawa, ko wanda hanyar garinsu ta rufe saboda rashin tsaro, sun cancanci a sauƙaƙa musu. Muna da damar sukar duk wannan a rubutunmu, har ma wajibinmu ne. Sai dai suka tana tasiri ne idan mai yin ta ya san abin da yake suka. Kuma sanin doka kariya ce ga ɗalibi. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗalibai a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda ta samo asali daga wata tarzoma, saboda ba a yi musu adalci wajen sauraron bahasinsu ba. Ɗalibin da ake tuhuma da satar amsa shi ma yana da haƙƙin a gaya masa laifinsa, a ba shi damar kare kansa a gaban kwamiti. Labarai nawa ne cikin namu suka taɓa nuna wannan?

Abin da muke roƙon 'yan uwa bai da wuya. Duk wanda zai kai labarinsa jami'a, ya nemi kundin dokokin ɗalibai na wata jami'a guda, ya karanta babin jarrabawa, shafuka kaɗan ne. Ya tambayi wani malami ko jami'in jarrabawa na sashe yadda takardar uzuri ke tafiya daga tebur zuwa tebur. Ɗaliban da ke cikinmu kuma su gwada fassara dokokin makarantarsu zuwa Hausa mai sauƙi, su raba wa sababbin shiga. Aikin fassara ne da zai wasa alƙalaminsu, kuma yana iya ceto wa wani shekara guda ta rayuwarsa.

Allah ya ba masu shirin jarrabawa sa'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun ji ra'ayoyinku.