Sharhi: Arzikin Teku Da Darasin Kududdufan Kuza A Filato

Cibiyar Nazarin Manufofi da Tsare-tsare ta Ƙasa, wato NIPSS, da ke Kuru kusa da Jos, ta zaɓi tattalin arzikin teku da ci gaba mai ɗorewa a matsayin jigon kwas ɗinta na manyan jami'ai karo na 47 a shekarar 2025. Tun da aka kafa cibiyar a 1979, manyan hafsoshin soja da na 'yan sanda da manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa ne ke haɗuwa a cikinta kowace shekara, su yi nazarin wata matsala ta ƙasa, su miƙa rahoto ga Shugaban Ƙasa. Zaɓin wannan jigo ya biyo bayan kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya danƙa wa tsohon gwamnan Osun, Adegboyega Oyetola.

Hujjar gwamnati ba a ɓoye take ba. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853 da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa kusan kilomita 10,000, kuma mafi yawan kayan da ake shigowa da su ta teku suke zuwa. Tashar Lekki mai zurfi ta fara aiki a 2023, kusa da matatar man Ɗangote. Shirin tsaron teku na Deep Blue da aka ƙaddamar a 2021 ya taimaka wajen rage fashin jiragen ruwa a Mashigin Gini. Duk da haka, ƙasar na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai rabin hakan ba, sai ta cike giɓin da kuɗin waje.

Sai dai riba irin wannan takan zo da ɓarna idan ba a sa ido ba. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa gyara gurɓatar da malalar mai ta haddasa zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A garin Ayetoro na jihar Ondo, teku na ci gaba da cinye gidaje. Masunta masu ƙananan kwale-kwale kuma sun daɗe suna kukan manyan jiragen kamun kifi da ke kutsawa cikin ruwan da doka ta keɓe musu.

Mahalarta kwas a Kuru ba sa buƙatar zuwa bakin teku kafin su ga ƙarshen irin wannan tafiya. Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka riƙa haƙar kuza a Bukuru da Barkin Ladi da kewaye. Kuza ta jawo jirgin ƙasa da wutar lantarki da dubban leburori, ciki har da Hausawa da yawa da suka zauna a Jos. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni suka watse, aka bar wa jama'a ɗaruruwan kududdufai da gonakin da suka lalace. An kwashe riba, ba a yi isasshen gyara ba, kuma har yau mutanen Filato ne ke biyan bashin.

Arewa ma na da babban kaso a wannan batu. Tafkin Chadi, wanda ya ciyar da kasuwar kifi ta Baga, ya ragu matuƙa idan aka kwatanta da girmansa na shekarun 1960. Tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja, da aka ƙaddamar a 2019, har yanzu ba ta zama cibiyar kasuwancin da aka yi alkawari ba. Tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala da Funtua ba za su amfani ɗan kasuwar Kantin Kwari yadda ya kamata ba sai jirgin ƙasa na jigilar kwantena a kai a kai daga Legas. Haɗarin kwale-kwale da ya kashe mutum fiye da 100 a yankin Patigi a 2023 kuwa ya nuna irin sakacin da ke tattare da sufurin ruwa.

Saboda haka, duk wata shawara da ta fito daga Kuru za a auna ta ne da abin da aka aiwatar. Ya kamata a wajabta wa kowane kamfani ajiye kuɗin gyaran muhalli kafin a ba shi lasisi, a bayyana wa jama'a sakamakon binciken tasirin manyan ayyuka irin titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, a kuma sa masunta da jihohin da ke bakin kogunan Neja da Binuwai cikin yanke shawara. Idan aka yi sakaci da waɗannan, al'ummomin gaɓar teku za su gaji irin abin da Filato ta gada daga kuza.