Bizar zuba jari: wa aka yanka wa wannan farashi?

Dala dubu 800. Shi ne mafi ƙarancin abin da Amurka take so baƙo ya zuba kafin ta ba shi izinin zama ta shirin nan da ake kira EB-5, kuma ko shi ma sai in ya yarda ya kai kuɗin karkara ko wani yanki da rashin aikin yi ya yi wa katutu. In a gari mai harka yake so, farashin dala miliyan ɗaya da dubu 50 ne. Sannan dole kuɗin su samar wa mutum 10 cikakken aiki. Tun 1990 ake wannan shiri, a 2022 aka tsayar da farashin inda yake yanzu. Ka lissafa dala a naira 1,500, za ka ga dubu 800 ɗin nan naira biliyan ɗaya da miliyan 200 ce.

Na fara da lissafi ne saboda maganar bizar masu zuba jari ta shigo hirar samari a nan Minna, har a Ƙetaren Gwari, tsakanin garejin kanikawa da shagunan kayan gyaran mota. Da can bizar karatu ake zance, ko ta aikin kula da tsofaffi a Ingila. Da Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai da masu wancan aiki tafiya da iyali a farkon 2024, sai dillalan biza suka canza haja. Yanzu abin da ke yawo a Facebook da TikTok shi ne ka buɗe kamfani a waje, a ba ka zama kai da matarka da 'ya'yanka. Ni kuwa a ganina wannan biza an yi ta ne don wanda ya riga ya tara, kuma matsalar ɗan kasuwarmu mai son fita waje tana wani wuri dabam, kusa da gida, inda ba wanda yake yi mata talla.

Bari mu ɗan ƙarasa zagayen kasuwar. Amurka tana da wata biza mai sauƙin kuɗi, E-2, wadda ba a yanka mata adadi ba, sai dai ta 'yan ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar ciniki da ita ce kawai. Togo tana ciki, Kamaru tana ciki, Senegal ma haka. Nijeriya ba ta ciki. Shi ya sa wasu masu hali suka riƙa sayen fasfon Girenada, wani ɗan tsibiri a yankin Karibiyan, don su shiga ta bayan gida. A ƙarshen 2022 Amurka ta toshe wannan kafa: wanda ya sayi fasfo da kuɗi sai ya zauna a ƙasar shekara uku kafin ya nema. A da Birtaniya tana da tata bizar masu jari ta fam miliyan 2, ta rufe ta a watan Fabrairu na 2022 saboda zargin cewa kuɗin haram na bi ta nan. Wadda ta rage ga 'yan kasuwa tun 2023 ba ta neman wani adadi na jari, amma sai wata hukuma da gwamnati ta amince da ita ta sa hannu cewa sana'arka sabuwa ce fil, kuma za ta iya bunƙasa ƙwarai. Shagon taya ko gidan abinci ba ya cikin lissafi. Sifaniya ta daina ba da zama ga masu sayen gidan yuro dubu 500 a watan Afrilu na 2025.

Dubai, wadda mutanenmu suka fi sani, tana ba da zaman shekara 10 ga wanda ya sayi gidan dirhami miliyan 2. To amma mu tuna daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024 Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza gaba ɗaya, jiragen Emirates ma suka daina zuwa. 'Yan kasuwar Kano da na Minna da suka saba sarin kaya a Deira ta Dubai sai aike suka koma yi. Ƙasa tana sayar da zama ne in tana bukatar kuɗi, ranar da siyasarta ta juya kuma ba ta shawara da wanda ya saya.

Kwanakin baya ɗan wani aminina, mai shagon kayan gyaran mota a Ƙetaren Gwari, ya tare ni da wannan magana. Shago ne da in ka shiga sai ka karkata: bel-bel rataye a ƙusa, kwalayen fulogi har rufi, galan-galan na baƙin mai a bakin ƙofa, ga na'urar POS ɗaure da igiya a jikin kanta. Yaro ne mai ƙoƙari, yara biyu na ci a ƙarƙashinsa.

"Baba," in ji shi, "ejan ya ce ba sai ina da kuɗin duka ba. Za su zuba mini a asusu na 'yan makonni a fitar da takardar banki, in biya su ladansu. Filin da muka gada ne nake so a sayar a ba ni kasona."

Na ce, "Ɗana, wace sana'a za ka yi a can?"

Ya ce ejan ne zai rubuta wannan.

Na ce ya miƙo mini littafin shagonsa. Ya jawo wani littafin makaranta mai bangon da baƙin mai ya rine. Ciki duk bashi ne: wane bakanike ya karɓi kaza, zai kawo in mai mota ya biya, wane direban Suleja ya ajiye rabi. Cinikin gaske ne, amana ce tsagwaronta, kuma da ita unguwar take tafiya. Amma babu rajistar kamfani, babu takardar haraji, kuɗin shago da na cefane a asusu ɗaya suke kwana.

A nan ne maganar take, kuma nan ne ejan ba ya tsayawa. Duk ƙasar da ke ba da irin wannan biza, tambayarta ta farko ita ce ina ka samo kuɗin, kuma da takarda take son amsa: harajin shekaru, shigar kuɗi da fitarsu, shaidar sayar da kadara, takardar rabon gado. Kuɗin da suka faɗo asusu jiya suka fice jibi su ne abin da ma'aikacin ofishin jakadanci ya fi saurin ganewa, don aikinsa ke nan kullum. In aka kama mutum da takardar bogi, Birtaniya tana iya hana shi shiga har shekara 10, Amurka kuwa har abada. Ejan ya riga ya karɓi nasa, fili ya tafi. Akwai manyan alhazai a Kasuwar Kure da ko sun mallaki kuɗin da ake nema, wannan tambaya za ta kayar da su, ba don dukiyarsu ta haram ce ba, sai don ba a rubuce take ba.

Kada wani ya ce ina hana matasa fita neman arziki. Wa zai hana Bahaushe fatauci? Kakanninmu sun yi ta bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro daga Salaga. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji, a Akra ya kama hanyar arziki, yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya dawo Kano ya shiga harkar gyaɗa. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, a kan raƙuma 20 aka kai masa kuɗin ajiya. Amma a lura da yadda abin ya tafi: ya fita da kaɗan, ya dawo da yawa. Bizar yau cewa take ka tara da yawa a gida tukun, sannan ka kwashe ka kai musu.

Kuma fataken nan ba a banza suke sauka ba. Suna biyan kuɗin fito, suna kai gaisuwa ga sarakunan hanya. Abin da ya riƙe su shi ne mai gida a zango. Shi zai sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Mutum ya shiga gari ba da komai ba sai sunan wanda ya aiko shi. Haka aka yi a Kumasi, haka aka yi a Sabo ta Ibadan. Minna kanta da baƙi ta cika tun da jirgin ƙasa ya ratsa ta daga Baro ya isa Kano a 1911, kuma har gobe in ka bi layin masu kayan mota za ka ji Hausa da Yarabanci da Ibo da Nufanci da Gwaranci a rumfa guda.

Wannan tsari ya fara karyewa ne ranar da ƙasashe suka koma tambayar takarda. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fice. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka hau manyan motoci suka bar shaguna da gidaje. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, muka rama a kan 'yan Gana. Kowa ya ɗanɗana.

To ga inda nake so mai karatu ya tsaya. ECOWAS ta sa hannu tun 1979 cewa ɗan kowace ƙasa cikinta zai shiga 'yar'uwarta ba biza ya yi kwana 90, kuma a hankali a kai ga 'yancin zama da na kafa sana'a. Amma dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya kawo dala miliyan ɗaya, a kuɗi ko a kaya, ya kuma ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki. Cinikin ɗai-ɗai a kasuwa kuwa ta keɓe shi ga 'yan ƙasa. Wato abin da aka yanka wa mai shagon waya a Akra ya fi dala dubu 800 ɗin Amurka. Da wannan doka aka riƙa garƙame shagunan 'yan Nijeriya a 2019 da 2020, a Akra da kuma Suwame ta Kumasi, wadda unguwar kanikawa ce da masu kayan mota kamar Ƙetaren Gwari, sai dai ta ninka ta nesa ba kusa ba. Sai da Femi Gbajabiamila, yana kakakin majalisar wakilai, ya tafi Akra a watan Satumba na 2020 don a sasanta. A 2025 Shugaba John Mahama ya ce za a cire ƙa'idar mafi ƙarancin jari daga dokar. Magana ce mai daɗin ji, kuma aikin ma'aikatar harkokin wajenmu ne ta bi sawunta har ta ga abin da zai shafi ƙaramin ɗan kasuwa. Yaron nan mai littafin bashi, in har zai buɗe reshe a waje wata rana, Kumasi ce ko Lome ko Maraɗi, ba Landan ba. Maraɗin ma yanzu da sauran magana, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Da yawa sun samo dabarar kauce wa irin wannan doka: a rubuta shago da sunan ɗan ƙasa, kai kana ciki kamar yaron shago alhali dukiyarka ce. Mutanenmu na Makka da Jidda sun san wannan sarai. Saudiyya ta tsananta dokarta a kai, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan 5, ga mai sunan da mai kuɗin duka. Tun kafin a kai ga hukuma ma, ranar da kafili, wato mai sunan, ya mutu ko zuciyarsa ta canza, ba ka da bakin magana, don a takarda ba ka mallaki ko kujerar da kake zaune a kai ba. Ita Saudiyyar tana sayar da zaman dindindin a riyal dubu 800 tun 2019. Tambayi wanda ke sayar da shayi a Jarwal ta Makka ko ya taɓa riƙe rabin haka.

Mu ma ba mu da bakin zagin kowa. Kamfanin da baƙo ke da hannu a ciki, Ma'aikatar Cikin Gida ta Nijeriya tana neman jarinsa ya kai naira miliyan 100 kafin ta ba shi izinin kasuwanci. A Fabrairun 2024 gwamnati ta ƙaƙaba harajin dala dubu 15 a shekara kan kowane darakta baƙo da dubu 10 kan sauran ma'aikata, aka yi ca, ta dakatar da shi cikin 'yan kwanaki. Gwamna Umaru Bago yana ta zawarcin masu jari su zo noma a Jihar Neja, kuma ina masa fatan alheri, amma baƙon da zai zo shi ma lissafi yake yi kamar yadda na yi a sama. Aliko Ɗangote da kansa ya koka a Kigali a 2024 cewa biza 35 yake bukata kafin ya zagaya Afirka da fasfon Nijeriya. In mai matatar mai yana wannan kuka, ina ga mai galan ɗin baƙin mai?

Abin da nake so in gani ba mai tsada ba ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na kanikawa a Minna su riƙa kawo ma'aikatan rajistar kamfanoni da na haraji har gareji, a yi wa mutane rajista a nuna musu yadda ake raba asusun shago da na gida, don dukiyar da ke cikin littafin bashi ta samu shaida. 'Yan majalisarmu na tarayya daga Neja kuma su tayar da maganar dokar Gana a zauren majalisa da ta ECOWAS, su tambayi inda aka kwana tun tafiyar 2020. Shi kuwa ɗan aminina, mahaifiyarsa ta ce ba za a taɓa filin ba tana raye, ƙannensa mata suka goyi bayanta. Ejan ya kira shi ya ce akwai wata sabuwar hanya ta Fotugal.