Linzami ko Faifan Taɓawa: Wanne Ya Fi Dacewa da Ɗalibi?

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta, hannunsa na buƙatar abin da zai riƙa sarrafa 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar na'urar. Turawa sun kira abin da sunan ɓera saboda siffarsa da wayar da ta yi kama da wutsiya. Hausawa kuwa sun dubi aikinsa suka ce linzami, domin da shi ake juya akalar kwamfuta kamar yadda mahayi ke juya doki. A ganina sunan Hausa ya fi armashi, kuma yana tunatar da mu cewa zaɓen wannan kayan aiki ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai karatu da rubutu.

Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro linzami a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka. Na farko da katako aka yi shi, aka kuma nuna wa jama'a shi a birnin San Francisco a watan Disamba na 1968. Bai shiga gidajen mutane sosai ba sai da kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh a 1984. Da aka samu kwamfutar tafi-da-gidanka, sai aka nemi abin da zai maye gurbinsa, tun da matafiyi ba kullum yake samun tebur ba. A 1992 kamfanin IBM ya dasa wani ɗan jan maɓalli a tsakiyar haruffan kwamfutar ThinkPad, wanda ake turawa da ɗan yatsa. A 1994 kuma Apple ya sanya faifan taɓawa a kwamfutocinsa na PowerBook, wato ɗan filin nan da ake shafawa da yatsa, wanda a yau kusan kowace kwamfutar tafi-da-gidanka ke ɗauke da shi.

Ra'ayina shi ne, ɗalibi ko malamin da zai daɗe yana aiki a zaune ya nemi linzami mai waya, mai aiki da haske, ko da kuwa kwamfutarsa tana da faifan taɓawa. Dalili na farko shi ne sauri da daidaito. Tun a 1978 masu bincike a cibiyar Xerox, wato Card da English da Burr, suka gwada linzami da wasu na'urori wajen zaɓen rubutu, suka iske ya fi su sauri. Wanda ke gyaran kundin kammala karatu, yana neman ya sauya k ta zama ƙ ko d ta zama ɗ a tsakiyar kalma, ya san amfanin kibiyar da ke sauka daidai inda ake so. Dalili na biyu shi ne yanayinmu. Faifan taɓawa yana aiki ne da ɗan canjin lantarki da fatar yatsa ke haddasawa, don haka gumi ko danshi kan rikita shi. Tsohon linzami mai ƙwallon roba shi ma ƙurar hunturu kan toshe shi, amma mai haske, wanda ya yaɗu bayan da Microsoft ya fito da nasa a 1999, ba shi da wannan matsala. Dalili na uku shi ne aljihu. Linzami mai waya ba ya cin batir, idan kuma ya lalace sai a saya wani, alhali faifan taɓawa sai an kwance kwamfutar.

Masu goyon bayan faifan taɓawa suna da hujjarsu. Ba ya buƙatar tebur, ba a mantuwa da shi a gida, kuma da yatsu biyu ana iya gangara shafi ko a faɗaɗa hoto. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya dace da mai duba saƙo a mota ko a ɗakin lacca. Sai dai aikin sa'o'i uku ya bambanta da na minti biyar. Mai amfani da faifan yakan tanƙwara wuyan hannunsa zuwa tsakiyar jiki, ga shi tafin hannu kan goge shi ana cikin rubutu, kibiyar ta yi tsalle zuwa wani layi.

Akwai kuma batun jarrabawa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta koma ta kwamfuta baki ɗaya. Ganin yadda linzami ke ba ɗalibai da yawa wahala, a 2017 ta samar da hanyar amsa tambayoyi da maɓallai takwas. Wannan sassauci ne mai kyau, amma ya nuna giɓin da ke makarantunmu. Malamin gobe da hannunsa bai saba da linzami ba, yaya zai koya wa yaran firamare?

Saboda haka, ɗalibi ya mallaki linzami don aikin tebur, ya bar faifan taɓawa don tafiya, ya kuma riƙa hutar da hannunsa lokaci zuwa lokaci. Kwalejojinmu kuma su tabbatar kowace kwamfuta a ɗakin gwaji tana da linzami mai aiki, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.