Ƙodar da ta daina aiki ba ta bar jiki ba

Wani abokin aikina, malamin lakwal, ya shekara 8 yana wankin ƙoda. Da ya fara ramewa yana kukan ciwon kwiɓi, dangi suka ce ai wahalar inji ce. Na kawo shawarar a yi masa eko, ƙanensa ya ce mini: "Malam, ƙodar da ta mutu, me za a duba cikinta?" Ran da aka duba, sankara ta riga ta kai huhu.

Da wannan magana nake faɗa. Inji yana tace jini, amma ƙodojin suna nan cikin jiki. In shekarun wanki suka yi yawa, ƙulle-ƙulle masu ruwa kan tsiro cikinsu, haɗarin sankarar ƙoda kuma ya fi na sauran mutane. Ga shi mai wanki fitsarinsa kaɗan ne ko babu, jinin da ke sa wasu su ruga likita ba lalle ya gan shi ba.

In an gano ta tana ƙarama, a cire ƙodar, wanki ya ci gaba, tunda dama inji ke aikin. In ta bazu, magani ya yi wuya.

Za ku ce kuɗi. Na san wanki ya tatse gidaje. Amma mu da ke zuba adashe don biki, kuɗin eko ne zai gagare mu?

Iyaye da malamai, in ɗan uwanku ya daɗe bisa inji, ku raka shi, ku tambayi lokotoro: yaushe rabon da a duba ƙodojinsa?