Faifai Biyu a Kwamfuta Ɗaya Ba Shi Ne Tsira Ba

Duk matashin da ya tashi daga tace bidiyo a waya ya koma kwamfutar tebur, ba a daɗewa wani zai ba shi shawarar ya sa faifan ajiya biyu ya haɗa su da tsarin RAID. Shawarar na da daɗin ji. Amma ga mai shagon hoto ko tace bidiyon biki a Katsina, yawanci ba nan ya kamata kuɗinsa ya fara zuwa ba.

RAID 0 shi ne mai rarrabawa. Yana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, ya zuba wasu a faifai na farko, wasu a na biyu. Faifai biyu masu 1TB sai su zama 2TB, gudu kuma ya kusa ninkawa. Matsalar ita ce ranar da ɗaya ya mutu, komai ya tafi, domin abin da ya rage a ɗayan guntaye ne marasa amfani. Kuma ba a sake kamun amarya don faifan mai bidiyo ya lalace. Ko masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da suka fito da sunan RAID, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, matakai 1 zuwa 5 suka zayyana a takardarsu ta 1988, babu 0 a ciki. Yau ma hujjar gudun ta faɗi: SSD guda ɗaya na SATA yana kai wajen 550MB a daƙiƙa, abin da faifai biyu masu juyawa ba kasafai suke kamowa ba ko an haɗa su.

RAID 1 ya fi hankali. Shi madubi ne, duk abin da aka rubuta a wannan faifai ana rubuta shi a wancan. An biya kuɗin 2TB, an samu 1TB, amma idan ɗaya ya tsaya aiki ba ya tsayawa. Akwai kuma RAID 10 da ya haɗa biyun, sai dai yana buƙatar faifai huɗu aƙalla, kuma rabin girmansu kawai ake mora.

Inda ake ruɗuwa shi ne ɗaukar madubin a matsayin ajiya ta biyu. Madubi ba ya tantance alheri da ɓarna. Yaron shago ya goge folda bisa kuskure, ta gogu a duka biyun a lokaci guda. Bairos ya shigo ta filashin kwastoma, ya ci duka biyun. Wuta ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ko janareta ya yi tangal-tangal, faifan biyu a kan wuta ɗaya suke, cikin akwati ɗaya, suna shan zafin Afrilu da ƙurar hunturu tare. Ɓarawo kuwa akwatin gaba ɗaya yake ɗauka. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta isa misali: abin da ke cikin shago ɗaya, ƙaddara ɗaya ke hawa kansa.

Wanda ya nace sai ya yi, gara ya bi ta Storage Spaces da ke cikin Windows tun daga Windows 8, ya zaɓi madubi mai kwafi biyu. Haɗawa ta BIOS tana ɗaure faifan da irin allon kwamfutar, idan allon ya ƙone sai an nemo mai irin tsarinsa kafin a karanta su cikin sauƙi. A tuna cewa haɗawar tana share duk abin da ke kan faifan, don haka a kwashe kaya tukuna. Sannan a riƙa leƙawa, domin faifai ɗaya zai iya mutuwa shiru, mai shago ya yi watanni yana zaton biyu gare shi.

Idan kuɗin ba su da yawa, UPS ce farko. Sai SSD don aiki, sai faifan waje da za a kwafe aikin rana a kai, a cire shi a tafi da shi gida kowane dare. Takardu da hotuna masu muhimmanci za su iya hawa Google Drive, kamar yadda masu Android ke yi da hirar WhatsApp, ko da yake 15GB na kyauta ba zai ɗauki bidiyon biki ba. Bayan an yi waɗannan, idan shagon ya kai matsayin da tsayuwar aiki na yini ɗaya asara ce babba, a nan ne sayen faifai na biyu don RAID 1 ya dace.